Jar Maraƙar Nyale

Wum, farkon damina, 1991

Zuwa ga Jebbu 'yar Kawu,

Gaisuwa mai yawa daga ubangidanki. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da shanun gwamnatin nan da kike yi wa bauta. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in an yi sanyi. Matata Patu tana gaishe ki, ta ce man shanun da kike ta aike a kai ki yi haƙuri sai mun koma mutane.

Bayan gaisuwa, kin san tun da aradu ta faɗa wa garkena a kan tudu ba ni da komai sai sanda da igiya. Kin kuma ji cewa Baffa Ori, yayan mahaifina, ya ɗaura mini habbanaye, aron saniya irin namu na Fulani. Ba kuma wata saniyar banza ya ba ni ba, Nyale ce, farar nan tas mai baƙin kunne, wadda duk danginmu Aku masu fararen shanu na ƙasar nan suka san uwarta da kakarta. Sharaɗin irin na kowa ne, ta haihu sau uku a hannuna, 'ya'yan nawa, sannan in mayar masa da ita da goro da godiya. Abu ɗaya ya ƙara, kada wani bijimi ya hau ta sai nasa, Dano. Ni da ƙafata na kai ta, na tsaya aka gama, na koro ta gida. Daga ranar ban yarda ta sha ruwa rafi ɗaya da shanun kowa ba.

To, Nyale ta haihu ranar kasuwar da ta wuce. Mace ce, lafiyayya, ta miƙe ta kama nono tun uwar ba ta gama lashe ta ba. Amma ja ce, Jebbu. Ba fatsi-fatsi ba, ba dabbare-dabbare ba, ja wur kamar daga garken Fulanin Jafun masu jajayen shanu aka ɗauko ta. Patu ta ce jinin haihuwa ne, a bari ta bushe. Ta bushe, sai ma ta ƙara ja.

Baffa ya zo washegari. Aka shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba, Patu ta kawo nono bai ko dubi ƙwaryar ba. Ya daɗe tsaye a kan maraƙar, sannan ya juya yana kallon ƙetaren rafi, inda Dewa Bajafune yake da jajayen shanunsa masu dogon ƙaho. Abin da ya ce kawai: "Na ba ka 'yata, ka bar ta tana yawo." Ya ce da zarar an yaye maraƙar zai aiko a kore masa saniyarsa.

Kin san abin da wannan ke nufi. In aka karɓe habbanaye kafin lokaci, ba saniyar kaɗai na rasa ba. Babu Ba'aku da zai sake ɗaura mini ko tunkiya, ni ke nan makiyayin haya har in mutu. Raina a ɓace yake, abinci ma ba na jin daɗinsa.

Ke ce kika ƙi ɗaukar ƙwaryar nono kika tafi karatun shanu, yau ga ranar amfaninki. Fari da fara suna haihuwar ja ko ba sa yi? In ba sa yi, ki faɗa mini in san aljani ne ya shigo mini ruga.

Ubangidanki,
Gabdo

Ngaundere, tsakiyar damina

Zuwa ga Gabdo ɗan Goggo,

Gaisuwa da jinjina ga mai garken saniya ɗaya da rabi. Ubangidan wa? Ka manta wanda ya goya ka ka yi masa fitsari a baya. Muna lafiya gaba ɗaya, sai ƙaramar da ke haƙori. Ka gaida Goggo, ka ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Ka gaida Patu, ka yi mata barka da ƙaruwa, don ni dai a wurina ƙaruwa ce.

Ba aljani ba ne, ba kuma bijimin Dewa ba ne in dai yadda ka faɗa haka aka yi, kuma ban taɓa saninka da ƙarya ba, taurin kai kawai. Fari da fara suna haihuwar ja. A nan gidan gonar da nake aiki na ga haka da idona, a shanun da babu wanda ke barin su su haɗu da baƙon bijimi.

Ga yadda abin yake. Kowane maraƙi gadon launi biyu yake ɗauke da shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. In ya gaji fari ta nan, ja ta can, farin ne ke fitowa a fata, jan ya kwanta a ƙasa. Kamar jan bango ne da aka shafe da farar ƙasa, mai wucewa fari zai gani, amma jan yana nan. Saniya irin wannan za ta yi rayuwarta fara tas, ta ba 'yarta jan a ɓoye, 'yar ta ba jika, har a manta da kakar da ta kawo shi. Sai ranar da ta haɗu da bijimin da shi ma yake ɗauke da ja a ɓoye, maraƙin ya gaji ja ta wajen uba, ja ta wajen uwa. Ranar babu farar ƙasar da za ta rufe.

Ke nan jan nan yana cikin Nyale, yana kuma cikin Dano. Daga garken Baffanka ya fito, duka biyun. Ba laifin kowa ba ne, wa ya san shanun da kakanni suka saya ko suka haɗa hanya da su tun kafin su hauro tudun nan? Abin da ya fito sau ɗaya tsakanin waɗannan biyun zai sake fitowa, don bai tafi ko'ina ba.

Amma don Allah ka bi a hankali. Na san Baffa Ori da farin shanunsa, ka ce masa akwai ja a cikin Dano daidai yake da ka zage shi. Ka bari ya huce tukuna. Akwai sauran bayani, sai dai direban da zai kai wasiƙar yana ta danna mini ƙaho a ƙofa, zan ƙarasa maka a ta gaba.

Uwar ɗakinka,
Jebbu

Wum, ƙarshen damina

Jebbu,

Gaisuwa mai yawa, yau har da cire hula. Muna lafiya. Inna ta ce ruwan ɗumin ya yi amfani. Maraƙar ta yi ɓul-ɓul, Patu ta sa mata suna Woɗe, tana bin ta har bakin murhu.

Wasiƙarki ta zo mini kamar ruwan farko. Na karanta ta na sake karantawa, na karanta wa Patu, har zancen bangon ta haddace. Kin ce in bari Baffa ya huce, to na bari, amma bai huce ba. Ranar sunan jikan Arɗo, a gaban manya, wani ya tambaye shi labarin Nyale, sai ya ce yanzu ai ba ya ba da aro ga mai barci da rana. Aka yi dariya. Jebbu, jinina ya hau. Na miƙe na ce jan daga cikin Dano ya fito da cikin Nyale, kuma mai ilimin abin ce ta tabbatar mini.

Baffa ya ce tun kakan kakansa ba a taɓa ganin jan gashi ko ɗaya a garkensu ba, kuma ba zai tsaya 'yar makaranta ta koya masa shanu daga cikin takarda ba. Na ce to a gwada. Arɗo ya so ya kashe maganar, ni na hana.

Ga abin da aka yanke a gaban shaidu. Da kaka zan yaye Woɗe, in kai Nyale garken Baffa. Ta zauna a can a idonsa, Dano kaɗai zai hau ta, a can za ta haihu. In ja ta sake haifa, na wanku, za ta dawo hannuna ta cika haihuwarta uku, maraƙin ma nawa. In fari ta haifa, ni ne maƙaryaci, habbanaye ya warware, saniya da ɗanta nasa. Arɗo ya tambaye ni har sau biyu ko na yarda, na ce na yarda, don ke da kanki kika rubuta cewa abin da ya fito sau ɗaya zai sake fitowa.

Kin ga yadda taubashinki yake aiki, ba ya tsayawa jan magana. Da rani zan gangara kwari da shanun wani mahauci da na karɓi kiwonsu, sai ruwa ya sauka zan hauro. Ki fara shirin zuwa cin naman murna.

Gabdo

Ngaundere, kaka

Gabdo,

Ina gaishe ka, muna lafiya, ka gaida mutanen gida. Yau ba ni da bakin wasa.

Me ka je ka yi? Na ce zai sake fitowa, ban ce a haihuwa ta gaba ba! Na kuma ce maka akwai sauran bayani. Laifina ne da na bar shi saboda ƙahon direba, amma kai ma wa ya aike ka gaban Arɗo da rabin magana?

Ka saurara da kyau. Ka samo ƙwarya biyu. A kowace ka sa goro biyu, fari ɗaya, ja ɗaya. Ƙwarya ɗaya Dano ce, ɗayar Nyale. Ka rufe ido ka zari goro ɗaya a nan, ɗaya a can. In fari da fari ka zaro, maraƙi fari. In fari da ja, fari ne. In ja da fari, har yanzu fari ne, don farin yana rufewa. Sai ka zaro ja da ja kaɗai za a ga jan maraƙi. Hanya huɗu ke nan, uku na Baffa, ɗaya taka. Kuma kowace haihuwa sabon zara ne, cikin saniya ba ya tuna abin da ya bayar bara. Suna iya jera farare biyar, jan yana nan kwance bai motsa ba.

Wato ka ɗora saniyarka da mutuncinka a kan abin da ya fi kusa da faɗuwa. Gaskiya tana wajenka, amma gwajin da ka zaɓa ba ya iya nuna ta sai an yi sa'a. In fari ya fito ba ya nufin ka yi ƙarya, sai dai wa zai tsaya ya saurari wannan bayan ka ce ka yarda?

Kada ka kai Nyale. Ka je wurin Arɗo tun yau, ka ce ka yi gaggawa, ka nemi a sake sharaɗi. In ma gwajin ake so, a bar Dano ya hau 'ya'yan Nyale da ke garken Baffa, a duba maruƙa da yawa cikin shekaru, a nan jan zai nuna kansa. Za a yi maka dariya, na sani. Ka haɗiye, dariyar kwana biyu ce. In ana so in zo in yi bayani da bakina zan nemi izini a wurin aiki.

Ka ba ni amsa da direban nan in zai dawo. Hankalina ba a kwance yake ba.

Jebbu

Wum, farkon damina, 1992

Jebbu 'yar Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mun hauro daga kwari lafiya, shanun mahaucin ba wadda ta faɗi. Inna tana nan da sauƙi. Patu ta sha wahalar ranin nan, ba saniyar tatsa a gida, sai ta sari nono a wurin maƙwabta ta kai kasuwa.

Wasiƙarki ta yi rani a kantin da direba ke ajiye mana saƙo. Ta iso na riga na gangara, mai kantin kuma ya sa ta ƙarƙashin buhun gishiri ya manta. Shekaranjiya ya ba ni ita, duk ta jiƙe. Na ga kin sake aiko wata gajera kina tambayar ko fushi nake. Ba fushi ba ne, ban gani ba ne.

Na kai Nyale tun kaka. Yanzu cikinta har ya fito, na hango ta daga nesa ranar da suka wuce mashaya. Ta ji muryata ta ɗaga kai.

Na yi abin goron. Na zauna bayan ɗaki da ƙwarya biyu ina zara ina mayarwa, har Patu ta leƙo ta tambaya ko duba na koya a kwari. Yadda kika faɗa haka yake, ja da ja yana zuwa, amma sai ya ga dama. Na so in ɗora miki laifi, na ɗauko wasiƙarki ta farko na duba, na ga ba ki ce haihuwa ta gaba ba. Ni na sa wannan da kaina, don shi nake so in ji.

Na je wurin Arɗo da ƙwaryata. Ya kalla har ƙarshe, ya zara da hannunsa ma, ya ce abin da ban sha'awa. Amma ya ce magana ta riga ta fita a gaban shaidu, saniya kuma ta ɗauki ciki, in ya warware yanzu ya zalunci Baffa. Ban ga laifinsa ba. Baffa kuwa da ya ji labari sai ya aiko a tambaye ni ko tsoro ne ya fara kama ni.

Kada ki nemi izinin zuwa, ba abin da zai canja. Woɗe ta zama 'yar karsana, ƙahonta ya fara tsirowa. Yanzu sai jira da addu'a, ɗaya cikin huɗu ma ai rabo ne in Allah ya so.

Gabdo

Wum, kaka

Jebbu,

Ina gaishe ki, da maigida da yara. Muna lafiya.

Nyale ta haihu. Namiji ne, fari tas, da baƙin kunne irin na uwarsa. An ce kyakkyawa ne, ban je na gani ba.

Baffa bai yi mini gori ba, kin san shi da kunya. Igiyar da na ja Nyale da ita na kai masa kawai ya naɗe ya aiko mini. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A kasuwa ana gaishe ni, amma gaisuwar a tsaye take, babu mai cewa zauna ga shayi. Na nemi bijimin da zai hau Woɗe in lokacinta ya yi, na tambayi gida uku na danginmu. Kowa ya ce bijiminsa ba shi da lafiya.

Wanda ya zo ya zauna a tabarmata ya sha ruwan gidana shi ne Dewa Bajafune, wanda aka ce bijiminsa ne ya yi ɓarnar. Ya ce shi ya fi kowa sanin ban yi ƙarya ba, don a watan da Nyale ta ɗauki cikin Woɗe shanunsa ba sa ma ƙasar. Ya faɗa tun bara, ba wanda ya saurare shi. Ya duba Woɗe ya buɗe bakinta ya shafa bayanta, ya ce wannan a wurinsu ba a ba da irinta ko ga suruki. Ya ce in ƙetaro in kafa ɗakina kusa da shi, in taya shi kiwo, zai ɗaura mini jar karsana habbanaye, bijiminsa kuma na Woɗe ne duk ranar da ta nema.

Na karɓa, Jebbu. Ina da mata, ga Inna, ba zan zauna ina gadin igiya babu saniya ba. Amma abin yana ci mini rai. Mahaifina da farare ya rayu, da su aka san gidanmu, ni ne zan fara tsayawa a bayan jajaye. Inna da ta ji ta juya fuska bango, ta ƙi tuwo ta ƙi nono.

Sai wani tunani ya zo mini, na faɗa mata. Na ce Woɗe ai uwarta fara ce, ubanta fari. In ja ya iya kwanciya cikin farare tun zamanin kakanni sannan ya fito, to farin gidanmu ma yana kwance cikin Woɗe. Ko da jan bijimi ne ya hau ta, wata rana ni ko 'ya'yana za mu wayi gari mu ga farin maraƙi a garke, mu fara daga nan. Inna ta tashi zaune ta ce a kawo mata tuwon.

Wannan karon ba zan kai maganar gaban kowa ba sai na ji daga bakinki. Ki rubuta a nutse, ko direba zai fasa ƙahonsa. Haka ne ko ba haka ba ne? Ko ɗaya cikin goma ne ki faɗa mini, zan iya jira.

Gabdo

Ngaundere, farkon sanyi

Gabdo ɗan Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Na karanta wasiƙarka a wurin aiki na shiga rumfar magani na yi kuka. Ban yafe wa kaina rabin bayanin nan ba, ko da kai ka yafe.

Ka yi daidai da ka karɓi tayin Dewa. Ka gaishe shi, ka ce 'yar kawunka ta gode. Jajaye suna da nono, suna da tafiya, Patu za ta koma ɗaukar ƙwaryarta ta kanta.

Na sallami direban yau, sai gobe zai ɗauki wannan, don haka babu gaggawa a cikin abin da zan faɗa. Na kuma tambayi manyana a nan don kada in sake ba ka magana da gefe ɗaya.

Ba haka ba ne, Gabdo. Ja yana iya ɓuya a ƙarƙashin fari, amma fari ba ya ɓuya a ƙarƙashin ja. Da Woɗe ta gaji farin ko ta gefe ɗaya, da fara ka gan ta ranar da aka haife ta. Ta fito ja ne don ba ta ɗauko komai na farin ba, daga uwa ko daga uba. In jan bijimin Dewa ya hau ta, ja za ta haifa, 'yarta ma ja, jikarta ja. Ba ɗaya cikin huɗu, ba ɗaya cikin goma, babu ko kaɗan. Fari ba zai shigo garkenka ba sai ta hanyar farin bijimi daga waje, kuma ka faɗa mini abin da masu fararen suka ce maka.

Na so ƙwarai in rubuta maka wani abu dabam. Ka san wannan kafin ka ɗaure kayanka ka ƙetare rafin.

Goggo kuwa ka bar ta da abin da ka faɗa mata, ta ci tuwonta. In ta tambaye ni zan san yadda zan yi. Kai ne dai ba zan bari ka riƙa tashi kowace haihuwa kana duba launin maraƙi ba.

'Yar kawunka,
Jebbu